Buɗe Wa Mota Hanci a Garin Ruwa

A garejojin New Bell, da rumfunan kayan mota na Camp Yabassi, a birnin Duwala, akwai wani aiki da ba ya cin wa bakanike rabin sa'a. A ɗaga bonet, a kwance baƙin akwatin robar nan da filtar iska ke zaune a ciki, a jefa shi gefe, a ɗaura wata filta mai tsini, ja ko shuɗiya, a bakin bututun da ke shiga injin. Ana tayar da mota a taka totur, sai ta yi wani gurnani da ba a san ta da shi ba. Mai mota ya washe baki, bakanike ya ce, "Ka ji ko, Alhaji? Da can toshe mata hanci aka yi, yanzu ta samu numfashi." Alkawari biyu ake yi wa wannan aiki, ƙarin ƙarfi da ragin shan mai. Tun da litar fetur a Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 840 a Fabrairun 2024, alkawari na biyun ya fi shiga kunne, musamman kunnen direban tasi da zai kai wa mai mota kuɗinsa kowace yamma.

A ganina alkawarin farko yana da ɗan ƙanshin gaskiya, na biyun kuwa ba shi da tushe a motar zamani. Kuma ko da duka biyun sun tabbata, Duwala na cikin garuruwan da wannan ciniki ya fi zama faɗuwa.

Injin fetur ya fi shan iska a kan mai, nesa ba kusa ba. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, sai ya haɗu da iska kilo 14.7. Wato kowace lita ɗaya da ka sha a gidan mai tana jan iska kimanin lita 9,000 ta bi ta cikin wannan filta. Injin mai lita 1.6, irin na Corolla da Carina da suka cika titunan garin da fenti ruwan ɗorawa, idan aka take shi ya kai juyi 6,000 a minti ɗaya, yana neman iska kusan lita 4,800 a wannan mintin. Duk wanda ya ji wannan lissafi zai ce ai kuwa ya kamata a share wa iska hanya, kuma a nan masu cire akwati suka kafa hujjarsu.

Sai dai hujjar ta tsallake abu ɗaya. Tsakanin filta da injin akwai ƙofar totur, wani faifan ƙarfe da ke buɗewa gwargwadon yadda ƙafarka ta taka. Aikinsa ke nan, tare iska. Direban da ke rarrafe daga Kasuwar Kongo zuwa Ndokoti da ƙyar yake buɗe wannan ƙofa rubu'i, saboda haka ƙofar ce ke ƙayyade abin da injin zai shaƙa, ba filta ba. Ko ka cire filtar ɗungurungum, a wannan tafiyar babu abin da ka ƙara. Sai an take totur har ƙasa, injin kuma yana can saman juyinsa, sannan tarewar filta take bayyana, kuma filta mai tsabta a akwatin kamfani abin da take ragewa na matsin iska bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Iyakar ribar da ake fafutuka a kanta ke nan. Motar da ta hau tudun Adamawa ta isa Ngaundere, inda ƙasa ta ɗaga sama da mita dubu, tana rasa fiye da kashi goma na iskarta, kuma yawancin direbobi ba sa ma lura.

Maganar shan mai kuwa an gwada ta. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta toshe filtocin motoci da gangan don ta ga abin da zai faru. A motocin da kwamfuta ke raba musu mai, shan man bai canza yadda za a kula ba, abin da ya ragu shi ne kuzarin tashi, da kimanin kashi 6 zuwa 11 cikin ɗari. Dalili a fili yake: kwamfutar tana auna iskar da ta shigo, ta zuba mai daidai da ita, sannan wata na'ura a salansa ta gaya mata ko ta yi daidai. Iska ta ragu, mai ya ragu. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. Tsohuwar Pontiac ta 1972 mai kafireta ce kaɗai ta ƙara shan mai da filtarta ta toshe. To idan toshe filta bai ƙara shan mai ba, buɗe ta ba zai rage shi ba. Abin da ma ya fi faruwa shi ne direba ya ji daɗin gurnanin ya riƙa takawa don ya ji shi, sai tanki ya fi saurin ƙarewa.

Shi kansa gurnanin ba sabon ƙarfi ba ne. Tun asali injin yana yin sa, duk lokacin da bawul ya buɗe ya rufe, iska tana bugawa a cikin bututu. Kumburarrun robobin nan da ake gani a jikin bututun, waɗanda wasu kanikawa ke cewa ba su da aikin komai, an auna girmansu ne don su kashe wannan ƙara, a wasu motocin kuma tsawon bututun yana taimaka wa injin ya cika silinda a ƙaramin juyi, inda motar haya take yin rayuwarta. Ka cire su, ƙara ta fito. Kunne kuwa yana da saurin yaudarar ƙafa.

Ga kuma zafi. Akwatin kamfani ba daga cikin bonet yake shaƙa ba, yana da hanci da ke leƙawa bayan fitila ko ta cikin fenda ko saman lagireto, inda iskar waje take. Filta mai tsini da aka ɗaura a fili tana shan abin da ke kewaye da ita, wato hucin lagireto da na salansa. A cunkoson gadar Wuri da rana tsaka, iskar waje tana wajen digiri 30, ta cikin bonet kuwa tana iya haura 60. Iska idan ta yi zafi sai ta yi shara-shara, kowane digiri uku yana rage mata kauri da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari. Digiri talatin na bambanci, kusan kashi tara ke nan. An je neman kashi biyu an zubar da tara, garin neman gira an rasa ido. Bayan haka kwamfuta idan ta ga iska mai zafi takan jinkirta wutar fulogi don kada injin ya yi ƙwanƙwasa, wannan ma ragin ƙarfi ne. Gaskiya ne idan mota ta miƙe a kan hanyar Edeya da gudu, iska na ratsa bonet, bambancin yana raguwa sosai. Amma mota nawa ce a New Bell take yini a buɗaɗɗiyar hanya?

Masu wayo a cikin masu wannan gyara sun san matsalar zafi, shi ya sa suka fito da wata dabara: a ja dogon bututu a gangara da shi ƙasa, a kai filtar bayan bamba, kusa da taya, inda iska ke da sanyi. A busassun tituna irin na Kaliforniya tana da ma'ana, har takan ba da 'yan dawakai kaɗan a saman juyi. A Duwala kuwa wannan ita ce mafi haɗari a cikin duka.

Garin nan yana samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, ninkin na Kano kusan sau huɗu, kuma mafi yawansa tsakanin Yuni da Oktoba yake sauka. Yana kwance ne a bakin kogin Wuri, ƙasa-ƙasa, inda cikowar teku ke tura ruwa baya cikin magudanai, ta yadda idan ruwan sama ya haɗu da cikowa, babu inda ruwan zai nufa sai titi. New Bell kuma tun kafuwarta ba a zaɓe ta don tudu ba. Jamusawa ne suka shata ta gabanin yaƙin duniya na farko, lokacin da suka ƙudura tashin mutanen Duwala daga bakin kogi su mayar da su ciki, rikicin da ya kai ga rataye sarki Rudolf Duala Manga Bell a ranar 8 ga Agustan 1914. 'Yan ƙasa da yawa suka ƙi wurin, baƙi suka cika shi, Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Basa da sauransu, aka yi ta gini a kan fadama. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A Agustan 2020 ruwa ya mamaye unguwanni da dama na garin, motoci suka tsaya cak a tsakiyar titi, kuma ba sai an yi irin wannan gagarumar ambaliya ba, ruwan dare ɗaya ya isa ya mayar da wani lungu tafki.

Abin da ruwa ke yi wa injin ba a hankali yake yin sa ba. Fistin yana matse iska da mai har su koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansu. A injin lita 1.6 kowace silinda tana ɗaukar mililita 400, ɗan sararin da ke saura idan fistin ya kai ƙoli kuma bai fi mililita 45 ba, cokali uku na cin abinci ke nan. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan ruwan da ya fi wannan ya shiga, fistin zai taso da ƙarfinsa ya tarar da bango. Sandar da ke haɗa shi da kiranshaf ta lanƙwashe, ko ta karye ta huda bulok ta fito. Injin gas ya fi shiga uku, domin matsinsa ya ninka na fetur, sararin da ke saura ya fi ƙanƙanta. Filtar da aka saukar bayan bamba kuwa, a ruwan da bai kai gwiwa ba, tsotsa za ta yi kai tsaye. Ba ma sai ruwan ya kai ta ba: babbar mota ta gifta ta turo igiyar ruwa, shi ke nan.

Akwatin kamfani ba ya hana wannan gaba ɗaya, amma yana jinkirta shi. A yawancin motoci iska tana shiga ta ƙasan akwatin, ta juya ta hau sama ta ratsa filta, ruwan da ya fantsamo sai ya faɗi ƙasa ya fita ta 'yar hudar da aka bar masa. Wanda ya huda akwatin da ƙusa mai zafi ko ya yanke gindinsa, wai don iska ta wadata, ya rushe wannan tsari, ko da bai sayi filta mai tsini ba.

A nan zan ɗan ratse, domin sau da yawa asarar ba lokacin shigar ruwan take faruwa ba, bayansa ne. Mota ta mutu a cikin ruwa, samarin unguwa sun taso da kyakkyawar niyya, "Maigida, sa ta a giya biyu mu tura!" Sau da yawa injin da ya mutu a hankali bai riga ya lalace ba, turin nan ko murza makulli shi ke lanƙwasa sandar. Abin yi shi ne a tura ta a furi zuwa tudu, a buɗe akwati a taɓa filta. In ta jiƙe, a cire fulogai duka, a juya injin ruwan ya feso ta ramukansu, a duba baƙin mai ko ya koma fari-fari, a canza shi. Aikin yini ɗaya ne, maimakon sayen injin Baljiyam.

Na'urar auna iska ma tana da nata ƙorafin. A motoci da yawa na bayan shekarun 1990 tana zaune ne daf da akwatin, wani siririn waya ne da ake zafafawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya shi, daga nan kwamfuta ke gane yawanta. An daidaita ta da faɗin bututun kamfani da kuma iska mai tafiya a natse. Ka canza faɗin bututu, ko ka manna filta a bakinta iska na shigowa a hargitse, sai ta fara ba da labarin ƙarya. Filta mai tsini ta auduga kuma da mai ake shafe ta, in an cika man sai ya bi iska ya lulluɓe wayar. Daga nan fitilar injin ta kama, mota ta riƙa shaƙewa a tsaye, a sa kwamfuta ta nuna P0171, wato iska ta rinjayi mai. Sai a canza fulogi, a wanke noza, a zargi man bumburutu, alhali ciwon yana can bakin bututu. Akwai kuma 'yar tiyon da ke fitowa daga murfin injin ta shiga bututun iska. Wajen cire akwati sau da yawa akan bar ta tana lilo, ta nan ƙura ke samun hanya zuwa cikin baƙin mai.

Ƙura ita ce ɗaya rabin labarin, kuma Hausawan Duwala sun fi kowa saninta, domin motarsu ba ta zaman gari. Daga tashar jiragen ruwa kaya ke tashi zuwa Injamena da Bangi, ta Yawunde, Bertuwa, Garwa-Bulai, sannan Ngaundere, Garwa, Marwa har Kuseri, kuma 'yan arewa suna da yawa a cikin direbobi da yaran motar wannan hanya. Ko ƙaramar mota, in salla ta zo ko biki, arewa take nufa. Motar da ta bar damshin teku, kwana biyu tana cikin hazon hunturu. Ƙurar nan galibinta garin yashi ne, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya shiga ya haɗu da baƙin mai, sai ya riƙa cin ringi da bangon silinda a hankali, har mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi shuɗi. A injin mai tabo, wanda fankarsa ke juyi sama da dubu ɗari a minti, ƙurar tana cinye bakin fuka-fukan.

Tarihin filtar kansa daga ƙura ya faro. A 1915 Frank Donaldson, mai sayar da tarakta a Amurka, ya haɗa na'urarsa ta farko saboda taraktar wani manomi a jihar Utah da ƙura ke kashewa, kamfanin da ya kafa kuma har yau yana yi wa manyan motoci filta. Tsofaffin direbobi suna tuna kwanon baƙin man da ke kan Landiroba da Volkswagen ƙwaro, inda iska ke bugun mai ƙura ta maƙale, a wanke a sake zubawa. Filtar takarda ta zo ta maye gurbinsa don ta fi kama ƙananan ƙwayoyi, mai kyau tana tare sama da kashi 99 cikin ɗari. Ita kuwa filtar auduga mai shan mai, wadda kamfanin K&N na Ken Johnson da Norm McDonald ya yi suna da ita tun daga 1969, daga tseren babura ta fito, inda ake son iska da yawa kuma ana buɗe injin a kai a kai. Tana barin iska ta wuce cikin sauƙi ne saboda ramukanta sun fi faɗi, ramin da ya fi faɗi kuwa ba ya tambayar abin da ke wucewa. Wannan ta asali ke nan. Yawancin masu tsinin da ke rataye a rumfuna kwaikwayo ne, ragar waya da ƙyalle mai launi, in ka ɗaga wata a rana har haske kake hangowa.

Dubi manyan motocin da ke wannan hanya ta arewa, ka ga yadda masu neman kuɗi da injin suke yi da iska. Babu tirelar da ke yawo da filta a fili. Bututunta yana bayan kai, a sama, nesa da ƙurar taya da ruwan titi. Gangar filtar katuwa ce, tana juya iska ƙura mai nauyi ta faɗi gefe tun kafin ta kai takarda, sau da yawa da filta ta biyu a ciki don ko ta farko ta yage. Akwai kuma ɗan ma'auni da ke nuna ja idan filta ta toshe da gaske, kuma ƙa'ida ita ce kada a taɓa ta sai ya nuna. Wannan yakan ba mutane mamaki: filtar da ta ɗan sha ƙura ta fi sabuwa tacewa, domin ƙurar farko tana cike manyan ramuka.

Shi ya sa nake ganin gyaran da ya fi kashe injina a New Bell ba na samari masu son gurnani ba ne, su 'yan kaɗan ne. Wanda ya fi yawa shi ne wanda ba a ɗauke shi gyara ba. Murfin akwati da maƙallansa suka karye aka ɗaure da robar tayar keke. Bututun da ya tsage a lanƙwasa aka naɗe da salatif. Filtar da ba girman motar ba ce aka danna ta da ƙarfi, gefe ɗaya a buɗe. Da kuma al'adar kai filta wurin mai faci a busa ta da iskar kwamfuresa duk sati, wanda ke yayyaga takardar ta inda ido ba ya gani, ta fito fes kuma ta daina aiki. 'Yan acaɓa ma, masu bensikin, wasunsu sukan zare soson filta in babur ya fara nauyi. A injin kafireta wannan yana sa iska ta rinjayi mai, injin ya riƙa zafi fiye da kima, ga yashi yana shiga. Wanke soson da shafa masa ɗan mai bai kai kuɗin lita ɗaya ba.

Ba ina cewa kada a taɓa hanyar iska ba ne sam. Motocin da ake lodowa daga Antwerp an ƙera su ne don wata ƙasa, kuma akwai abin da ya dace a sauya. Tsofaffin masu kafireta suna da wata 'yar ƙofa a hancin akwati da ke jawo iska mai ɗumi daga jikin salansa saboda sanyin Turai. In ta maƙale a ɓangaren zafi, mota za ta yi ta shan huci a banza, kuma gyara ta yana dawo da ƙarfin da ya ɓata da gaske. Wasu motocin kuma hancinsu na kamfani yana ƙasa sosai, bakanike mai hankali zai iya juya shi ya koma sama, akwati na nan yadda yake. Mai Hilux ko Land Cruiser da ke shiga hanyoyin daji na gabas ko fadamun Logon, bututun da ake ɗagawa ta gefen gilashi har rufi yana da amfani, da sharaɗin a toshe kowace gaɓa da hudar gindin akwati, kuma a tuna cewa ɗaga hanci bai hana ruwa shiga giyabos da wayoyi ba. Wanda kuma ya ƙara wa injinsa tabo ko ya sake masa lissafin kwamfuta don tsere, shi kam yana iya buƙatar iskar da ta fi ta kamfani, sai ya sayi filta ta gaske, ya yi mata katanga tsakaninta da injin, ya kuma yarda cewa ya sayar da wani abu na tsawon ran injin.

Ga mai sayen mota ta hannu, akwai gwajin da bai buƙatar kwamfuta. A sassauta maɗaurin bututun da ke bayan filta, a zura yatsa a shafo cikinsa. Wannan ɓangare ya kamata a same shi da tsabta, ko da ɗan maiƙo kaɗan. In yatsa ya fito da gari mai ƙaiƙayi, injin ya daɗe yana cin ƙasa, komai kyan filtar da aka sa masa jiya, kuma sai a auna matsin silinda kafin a yi maganar kuɗi. In kuma an tarar da filta mai tsini, a tambayi mai motar ina akwatin asali, domin a Camp Yabassi akwatin wasu motocin, da murfinsa da na'urar auna iskarsa, sai an yi odarsa a jira kwantena.